Sunan Da Baba Bai Taɓa Kira Ba

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo wai na tsaya jan rai a kan saukar jirgi da 'yan tarba, to ku gyara zama, yau mun iso wurin. Masu zagin Hanifa kuma ku dinga ragewa, don ni ma ban gama da ita ba.

*

Kwana huɗu ke nan da dawowar Hanifa daga Oxford. A kwana huɗun nan ta gaida kowa a unguwarsu ta Talata Mafara, har da waɗanda ta manta sunansu, ban da mutum ɗaya. Gida uku ne kacal tsakaninsu da Malam Elias, amma in za ta fita sai ta zagaya ta bayan injin niƙa. Ta gwammace takalminta na Ingila ya sha ruwan kwata da ta bi ta ƙofarsa.

Malam Elias kuwa ba mutumin da ake gudu ba ne. Mutumin Zuru ne, Kirista, ya koyar da Turanci a garin shekara talatin da wani abu har ya yi ritaya. Aminin babanta ne na ƙut da ƙut, kuma a barandarsa ta fara haɗa jimlar Turanci tun tana 'yar shekara tara.

Ranar Juma'a da hantsi gidansu ya cika da mata, ana ta aikin walimar da za a yi mata gobe. Wasu na tsince shinkafa, wasu na yankan albasa suna hawaye suna dariya. Ana cikin haka Mama Asibi, matar Malam Elias, ta yi sallama. Ta gaisa da Inna Taibatu, mahaifiyar Hanifa, suka tambayi gajiya da gida da yara da ruwan bana, har da akuyar da ta haihu. Sai da ta tashi tafiya ta dafa kafaɗar Hanifa, ta rage murya.

"Malam na kira. Ya ce yanzu, ba an jima ba."

Hanifa ta riga ta san dalilin kiran.

Mujallar ce.

Kwalejinsu takan buga mujalla duk shekara. Ta bana ta fito da hoton Hanifa cikin baƙar rigar ɗalibai, tare da jawabin da ta yi a liyafar da aka shirya wa masu ɗaukar nauyin karatunsu. Tun lokacin cike takardu ta ba da akwatin gidan waya na Malam Elias a matsayin adireshin gida, ta manta da zancen ɗungurungum. Haka mujallar ta riga ta isowa da wata guda.

Babanta, Malam Gajere, manomin shinkafa ne a fadamar Birnin Tudu. Yana karanta Alƙur'ani da ajami, boko kuwa ko harafi. Da ya ga hoton sai ya sa mujallar a leda, ya dinga yawo da ita cikin aljihun babbar riga, daga bakin kanal zuwa kasuwar Talata. Ba ya cewa ɗiyarsa ce. Sai dai ya miƙa wa mutum ya ce ga wani hoto an aiko daga waje, ya kau da kai yana jiran a yaba. Daga baya ya roƙi Malam Elias ya juya jawabin zuwa Hausa, ya karanta wa jama'a ranar walima.

Wannan ne abin da Mufida ƙanwarta ta ba ta labari a mota tana murna, kuma tun daga lokacin abinci bai ƙara yi wa Hanifa daɗi ba.

Ta same shi a baranda, gilashi a kan hanci, wani littafin rubutu na 'yan makaranta a cinyarsa. Ta durƙusa. Ya amsa gaisuwar duka, bai rage ko ɗaya ba, ya tambayi hanya da sanyin ƙasar da malamanta. Da aka gama ya nuna mata kujerar ƙarfen da take zama tun tana yarinya.

"Zauna. Aikin da ubanki ya ba ni na gama shi tun tuni. Ina so mai magana ta ji ko na juya daidai."

Ya buɗe littafin ya fara karantawa a hankali, yadda yake yi musu shifta a da.

"Ina da shekara biyu anka ɗauke ni daga gidanmu, anka kai ni Bakura wurin gwaggona. Mahaihina bai taɓa kiran sunana ba, ko sau guda. Ranar da takardar samun gurbin karatuna ta zo, tashi ya yi ya bar ɗakin, bai ce komi ba. Bai so na yi karatu ba. Amma ga ni a gabanku."

Ya rufe littafin.

Hanifa ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. A Turanci maganar nan ta yi mata daɗin faɗi, ta ma yi ta gwada ta a gaban madubi tana gyara inda za ta tsaya ta ja numfashi. Yau da ta ji ta da Hausa, a bakin dattijon da ya san gidansu ciki da bai, sai ta rasa inda za ta sa idonta.

"Turancin mai kyau na," in ji Malam Elias. "Na duba, ko kuskure guda ban samu ba. Ni na koya maki shi, shi ya sa abin ya hi ci mani rai."

"Baba, ukun farko ba ƙarya ba ne," ta faɗa da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji.

"Na sani. Su ne ma sunka hi muni."

Ba ƙarya ba ne kam, kuma ko yaron goye a Mafara zai yi maka bayaninsu. Hanifa 'yar fari ce, sannan sunan mahaifiyar Malam Gajere aka sa mata. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan mutum ɗaya. Uba irin nasu ba ya kama sunan ɗan fari, balle a ce sunan wadda ta haife shi ne. Da aka yaye ta aka kai ta wurin yayarsa a Bakura kamar yadda ake yi, ta zauna can tana shan gata har lokacin makaranta ya yi sosai aka dawo da ita. Tun daga nan in zai yi maganarta sai ya ce "ta Bakura". A gidansu ba a san wata daraja da ta wuce wannan ba, har ƙannenta kan yi mata tsiya wai ita ce uwar Baba.

Duk ta san wannan. Ta san shi ranar da aka fara zancen ma.

A wurin shan shayi ne, satinta na uku a Oxford, ana ruwan nan nasu da ba ya tsayawa ba ya kuma yin ƙarfi. Wata dattijuwa cikin masu kula da tallafin karatu ta tambaye ta labarin gida. Hanifa ta ce babanta bai taɓa kiran sunanta ba, tana murmushi, da niyyar ta ba da labarin al'adar a yi dariya. Kafin ta kai ga bayanin, idon matar ya ciko da ƙwalla, ta kama hannunta ta riƙe.

Hanifa ta buɗe baki za ta gyara, sai ta rufe.

Gaskiya dai daɗi ta ji. Sati uku tana yawo cikin gine-ginen dutse da suka girmi kakan kakanta, kekuna na wuce ta, ƙararrawa na bugawa, ba wanda ya dube ta sau biyu. A aji in ta yi magana sai an ce ta maimaita. Ranar nan kuwa ta zama wadda ake matsowa kusa da ita.

Da liyafar ƙarshen shekara ta zo aka zaɓe ta cikin masu jawabi. Dogon zaure, kyandirori, hotunan matattun malamai a bango, cokula kala uku a gaban kowa. Wanda ya yi magana kafin ita daga ƙasar da ake yaƙi ya fito. Ta duba nata labarin, uba mai noman shinkafa da uwa mai saƙar hula, kowa lafiya lau, sai ta ga ya yi mata ƙanƙanta. Ta jero ukun nan ba tare da bayani ba, ta ɗora ta huɗun da ba ta da tushe ko kaɗan. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi.

"Kin tuna lokacin da kika zuwa nan lasin?" Malam Elias ya katse mata tunani. "Wa ke zama bakin taga wagga?"

Ta tuna. Kullum la'asar in ta taho, babanta na biye da ita a kan keke, nesa kaɗan, kamar hanya ce ta haɗa su. Kuma kullum daidai tagar Malam Elias sarƙar keken ke zamewa. Sai ya tsuguna yana gyara har a tashi.

"Shekara huɗu sarƙa guda na lalacewa wuri guda," in ji shi. "Lahiyarta lau. Karatunki shika saurare, Turancin da bai san ko kalma guda ba. Shi ya zo da kainai ya roƙe ni, ya ce akwai wata yarinya gidansu mai kai, in taimaka."

Hawaye suka fara zubo mata. Bai ce ta yi shiru ba.

Ya ci gaba ya gaya mata inda babanta ya nufa ranar da takardar ta zo, da ya tashi ya bar ɗakin. Nan ya zo. A kujerar da take kai ya zauna, ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa, har Mama Asibi ta zaci rasuwa aka yi. Ya gaya mata kuma shekarar nan guda da ta yi a waje, duk Juma'a in Malam Gajere ya taso masallaci sai ya biyo ya ce a duba masa waya, wai garin can da ta Bakura take ana ruwa ko ba a yi. In aka ce ana yi, sai ya ce Allah ya sa akwai lema.

Hanifa ta sauko daga kujerar ta durƙusa a siminti. Kunya ta gama rufe ta, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi, shi ya sa ta roƙi abin da bai kamata ta roƙa ba. Ta ce don Allah gobe ya karanta wani abu daban. Ta ce ya gaya wa jama'a wai ta yabi Mafara, ta gode wa iyaye, ta yi wa manoma addu'a. Ai ba wanda zai duba.

Ya cire gilashin ya dube ta.

"Ƙarya guda na yi ma ubanki tun da munka san juna, kuma saboda ke na yi ta. Na ce mashi idona ba lahiya, ba ni ganin ƙananan rubutu. Kin san abin da ya yi? Zuma ya kawo mani da tozali, ya ce Asibi ta dinga sa mani sahe da yamma. Ga su can kan taga, ko kallonsu ban iya yi. Ba ni ƙara ta biyu."

"To ku ba ni mujallar in ɓoye, in ce ta ɓace."

"Ba ta wurina."

Ta ɗago kai.

Ya ce kwana tara ke nan da babanta ya zo ya karɓe ta, wai kada a wahalar da mai ciwon ido. Washegari ya hau mota zuwa Maradun, ya ce irin shinkafa zai dubo. Ya dawo ba iri ko tiya ɗaya. A Maradun kuwa, kamar yadda kowa ya sani, Hashimu yake, abokin Malam Gajere tun na ƙuruciya, tsohon tafintan kotu, mutumin da ya yi shekara ashirin yana juya magana yadda take ba ragi ba ƙari.

Hanifa ta matso kusa da shi.

"Mi ya ce da ya dawo?"

"Bai ce an karanta mashi ba. Amma Juma'ar da ta wuce bai tambayi ruwa ba. Cewa ya yi, Elias, su Turawa uba na kiran ɗiyatai da suna ko da ta hwari ta? Na ce e. Ya ce ko da sunan uwatai gare ta? Na ce e. Sai ya ce, to."

Ba ta san yadda ta yi sallama ba. Wannan karon ta ƙofar gida ta bi, ba ta ma tuna da injin niƙa ba.

Tana tafe abubuwa na dawo mata. Ranar da ta sauka, da ta durƙusa gaishe shi a zaure, ta ga leɓensa ya motsa kamar zai ce wani abu, sai ya yi tari ya ce an zo lafiya. Shekaranjiya ma da ta kai masa ruwan alwala haka aka yi. Ita a zatonta tsufa ne. Ashe gwadawa yake yi.

Kuma duk da abin da ya ji, bai fasa walimar ba. Shi ya zaɓo ragon da kansa, shi ya aika Bakura aka ɗauko Gwaggo, yayar tasa da ta raine ta.

Ta shige ɗakin Inna ta zauna a bakin gado da mayafinta a ka. Mata na ta kiran Baturiya ta fito ta nuna musu yadda ake yankan albasa a Ingila, ta ce kanta ke ciwo. Ta shirya magana ta kai kala goma, kowace in ta kai tsakiya sai ta rushe. Ta ji an yi kiran salla, ta ji unguwa ta yi tsit, ta ji maza sun fara dawowa.

Sai ga sallamarsa a tsakar gida.

Wannan kaɗai ya isa a lura, don Malam Gajere ba ya shigowa cikin taron mata. Aka amsa, aka gyara lulluɓi. Ta leƙa ta labule ta gan shi tsaye kusa da rumbu cikin farar rigar Juma'a, ɗan guntun mutum mai furfura, hannunsa ɗaya a aljihun da ledar take. Ya dubi ƙasa. Ya dubi katanga. Ya gyara murya har sau biyu.

"Hanifa."

Ludayin da ke hannun Inna Taibatu ya faɗa cikin tukunya. Gwaggo, da ke zaune a tabarma tana tsince wake, ta sa hannu ta toshe bakinta, don ita ma sunan uwarta ne, kuma ba ta taɓa jin sa a bakin ƙanenta ba. Ba wadda ta ƙara motsi.

Sunan bai zauna a bakinsa daidai ba. Ya fito da ƙyar, a karkace, kamar mai ɗaga buhun da ya fi ƙarfinsa. Shekara ashirin da shida Hanifa na duniya, yau ta ji abin da ta gaya wa Turawa an hana ta, kuma da za a ba ta zaɓi da ta zaɓi mari.

"Zo zaure," ya ce, ya juya.

Ta bi shi. Ya zauna a buzunsa, ta durƙusa can bakin ƙofa. Ya zaro ledar, ya fito da mujallar ya ajiye a tsakaninsu. Gefenta duk ya yi laushi saboda yawan buɗawa, amma shafin hoton ko lanƙwasa babu.

Ta jira faɗa. Ta ma roƙi Allah a ranta ya sa faɗan ne.

"Hashimu ya karanta mani," ya ce, idonsa a kan buzu. "Sau biyu na sa ya maimaita, ko shi ya yi kuskure. Ya ce haka take."

"Baba..."

Ya ɗaga hannu kaɗan, ta yi shiru.

"Mu haka munka taras ana yi. Ni ma ubana bai kira Yaya da suna ba har ya koma ga Allah. Na ɗauka girma nika ba ki. Ban san abin na ci maki rai ba, har ki kai shi wata ƙasa ki hwaɗi ma baƙi, ba ki samu wanda za ki hwaɗi mawa gida ba. Laihina na. Ga shi yau na kira, kuma zan ci gaba da kira, sai dai ki yi mani haƙuri, bakin bai saba ba."

Kuka ya ƙwace mata. Ta kifa goshinta a ƙasa tana girgiza kai.

Ya ce ya riga ya yanke shawara. Gobe in jama'a sun taru, tun da idon Elias ba lafiya, Hashimu zai zo daga Maradun ya karanta jawabin yadda yake, kada a rage komai. In an gama shi kuma zai miƙe a gaban Yaya da liman da abokan nomansa na Birnin Tudu ya nemi gafararta, don a gaban mutane ta faɗi damuwarta, a gaban mutane ya kamata a ba ta haƙuri.

Ya jawo mujallar, ya ɗora yatsa a kan rubutun da ba ya iya karantawa, daidai layin ƙarshe, inda Hashimu ya yi masa alama da biro.

"Ukun na gane su, na kuma ɗauka. Guda ta rage. Kwana takwas ina neman ta cikin kaina ban same ta ba, na tambayi innarki ita ma ba ta tuna ba. Ƙila tsuhwa na. Ba ni son in tashi gaban mutane in nemi gahwara kan abin da ban san ranar da na yi shi ba."

Ya ɗago kai, karo na farko a rayuwarta ya dube ta ido cikin ido.

"Hanifa, tuna mani. Wace rana ta na ce kada ki yi karatu?"